Kiɗa na tashi, jama'a sun rufe baki: ina gizo ke saƙar?

Hannatu: Salama gare ku 'yan'uwa. Tambayata ga masu koyar da waƙa da makaɗan da ke cikinmu ce. Akan samu majami'a mai kayan kiɗa masu kyau, mawaƙa sun yi shiri sosai, amma idan ka waiwaya baya sai ka tarar rabin jama'a bakinsu a rufe, tafi kawai suke yi ko kallo. Me ke kawo haka? Sannan wanda bai iya kaɗa komai ba, ta yaya zai koyi bambanta waƙa mai kyau da marar kyau, ba wai ya tsaya a kan "ta yi mini daɗi" kawai ba?

Malam Ishaya: 'Yar'uwa Hannatu, kafin a ce mutane sun yi sanyi a ruhu, a fara duba ki ɗin da aka ɗauki waƙar, wato matakin sauti, sama ko ƙasa, da aka ɗora ta a kai. Yawanci nan matsalar take. Muryar gama-garin mutane, maza da mata, tana sakewa ne daga A ko B da ke ƙasa da C ta tsakiya zuwa C ko D ta sama, wato oktaf guda da ɗan ƙari (haruffan A zuwa G sunayen sautuka ne a kibod, oktaf kuwa tazara ce daga wani sauti zuwa mai sunansa na gaba, kamar daga C zuwa C). Maza suna rera wannan faɗin ne oktaf guda a ƙasa. Mawaƙin da ya fitar da waƙar a faifai kuwa ya zaɓi ki ne daidai da muryarsa, muryar da ya yi shekaru yana horarwa. Sai jagoran waƙa ya kwaikwaye shi a yadda ya ji. Ki lura da bencin baya a daidai lokacin da amshi ya hau sama: dattijo zai ɗaga haɓa, jijiyar wuyansa ta fito, ya gwada sau ɗaya, sai ya sauke kai ya koma tafi. Ba ƙin yabo ya yi ba, waƙar ce ta wuce inda zai kai.

Gyaran ba wuya. A nemo sautin da ya fi kowanne tsawo a waƙar, a sauko da ki har wannan sautin ya sauka a kan D ko ƙasa da haka. Sannan a duba na ƙasa, kada ya nutse ƙasa da A.

Bitrus: Bari in ɗora misali a kan maganar Malam. A ce waƙa tana farawa a do, wato matakin farko na do-re-mi-fa-so-la-ti, tana hawa har mi ta sama. A ki na D, wannan mi ɗin F mai ƙari ce, wato rabin mataki sama da F, ta yi wa jama'a nisa. A sauko rabin mataki huɗu zuwa B mai ragi, wato rabin mataki ƙasa da B, sai mi ɗin ta zama D, do ta ƙasa kuma tana nan inda kowa zai kama. Mai kibod ya danna maɓallin sauya ki ya rage huɗu, ya ci gaba da kaɗawa kamar yana D. Mai jita ya sa kafo, wato maƙalin da ke danne tsirkiyoyi duka, a gida na uku ya riƙe kama irin ta G. Abin da ke ɓata wannan shi ne mai kibod ya sauya bai gaya wa mai bes ba, ko ya manta bai mayar da maɓallin sifili ba kafin waƙa ta gaba. A rubuta ki na kowace waƙa a takarda ɗaya, kowane makaɗi ya riƙe kwafi.

Rifkatu: Ni a wajen na'urar sauti zan yi magana. Mutum ba ya rera waƙa idan ba ya jin muryarsa da ta na kusa da shi. Da zarar lasifika ta danne shi, sai ya zama ɗan kallo ko da ki ya yi daidai. Akwai kuma batun lafiyar kunne. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi: ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), awa 8 ne iyakarta a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 88 awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal. Jarirai da yara da ake zaunarwa kusa da lasifika su suka fi shiga haɗari. Akwai manhajar auna ƙara a waya, ba ta kai na'urar ƙwararru ba amma tana ba da haske. Gwajin da ya fi sauƙi: ka tsaya a tsakiyar ɗaki ana waƙa, idan sai ka yi ihu kafin wanda ke nesa da kai da kamu ɗaya ya ji ka, ƙarar ta yi yawa.

Wannan ƙugin mai huda kunne kuma, yana faruwa ne idan makirufo ya ɗauki abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata. Lasifika su kasance a gaban mawaƙa suna fuskantar jama'a. Mawaƙi ya riƙe makirufo kusa da baki, tazarar yatsa biyu ko uku, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu, domin rufe ramukan baya na sa ya riƙa ɗaukar sauti ta kowane gefe. A wajen haɗa sauti, a fara ɗaga muryar jagora, sannan sauran mawaƙa, sannan kibod da jita, ganga a ƙarshe. Yawancin masu haɗawa daga ganga suke farawa, shi ya sa kalmomi ke ɓacewa.

Fasto Yohanna: Na ji daɗin inda Rifkatu ta tsaya, domin kalmomin su ne tushen zancen. A 1 Korintiyawa 14:15 Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da fahimta. A aya ta 7 ya riga ya kawo misalin sarewa da garaya, cewa in sautinsu bai fita rarrabe ba, ba wanda zai gane abin da ake busawa ko kaɗawa. Kolosiyawa 3:16 ta ɗora wa waƙa aikin koyarwa da gargaɗi tsakanin masu bi. To mutanen da ba su ji kalma ba, me aka koya musu? Wa'azin Lahadi mutum kan manta shi kafin Laraba, amma amshin da ya rera sau shida zai bi shi har wurin aiki. Don haka tauhidin da yawancin jama'a suka haddace, na cikin waƙoƙi ne. Martin Luta, jagoran gyaran coci a Jamus, ya gane wannan, shi ya sa a 1524 aka buga littattafan waƙa da Jamusanci domin talaka ya rera da harshensa, kuma ya ce bayan ilimin tauhidi kiɗa ne ke biye. Ogastin na Hippo tun a ƙarni na 4 ya yi ta kokawa da zuciyarsa a kan wannan. Ya yarda waƙa na ɗaga raunanan zukata, amma ya ce duk lokacin da karin ya motsa shi fiye da abin da ake faɗa, yana ganin ya yi zunubi.

Saratu: Fasto, da girmamawa, ina tsoron kada mu mayar da kiɗa jakin dakon kalmomi kawai. A 1 Sama'ila 16:23 Dawuda ya kaɗa wa Saul garaya ya samu sauƙi, ba a ce ya rera masa ko kalma ɗaya ba. Zabura 33:3 ta ce a kaɗa da gwaninta. A 1 Tarihi 25:7 an ƙidaya horarrun mawaƙa 288, a 15:22 kuma an ɗora Kenaniya a kan waƙa ne saboda ya ƙware. Allah da ya yi kunne Shi ya sa wasu sautuka su dace da juna, kyan da ke cikin haka ba ƙari ba ne da za a yi haƙuri da shi. Yohan Sebastiyan Bak, wanda ya yi aikin kiɗan coci a Laifzig ta Jamus daga 1723 har rasuwarsa a 1750, yakan rufe rubutun kiɗansa da haruffa uku na Latin masu nufin ɗaukaka ga Allah kaɗai. Da yawa daga abin da ya tsara ya fi ƙarfin jama'a su rera, sai dai su saurara. Sauraro da natsuwa shi ma sujada ne.

Fasto Yohanna: Ban musa ba, 'yar'uwa. Sai dai ki tuna Bak yakan rufe yawancin waƙoƙinsa na Lahadi da baitin da jama'a suka riga suka sani. Akwai wurin da ƙungiyar mawaƙa za ta rera mu saurara, akwai wurin da kowa zai buɗe baki. Laifin shi ne a ce "mu tashi mu raira" sannan a kawo abin da mutum biyar ne kawai za su iya. Kuma gwaninta ba ta wanke kowa. A Amos 5:23 Ubangiji ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙi, ba zai saurari garayunsu ba, ba don sun kuskure sauti ba, sai don ba gaskiya da adalci a zamansu.

Malam Ishaya: Ku biyun kuna kan hanya ɗaya. Bari in koma tambayar Hannatu ta biyu, domin ita ce ta fi amfani ga wanda ba makaɗi ba. Kunne ana horar da shi. A ɗauki waƙa ɗaya, a ajiye duk wani aiki, a saurare ta sau huɗu.

Karo na farko kalmomi kawai. A rubuta su a takarda a karanta da ƙarfi ba kiɗa. Wa ake yi wa magana, Allah ne, ko jama'a, ko ran mai waƙar? Me aka ce Allah ya yi? Akwai waƙoƙin da in ka cire musu kiɗa ba abin da ke saura sai jimla guda da aka maimaita. Maimaici ba laifi ba ne, Zabura 136 ta maimaita amshi ɗaya sau 26, amma kowane karo akwai sabon dalili a gabansa: halitta, fitowa daga Masar, tsaga teku.

Karo na biyu a bi karin waƙar da hannu, a ɗaga idan ya hau, a sauke idan ya sauka. A lura da inda ya kai ƙololuwa, sannan a duba wace kalma ce ta faɗa a wurin. Gwani yakan ajiye kalmar da ta fi nauyi a kan sautin da ya fi tsawo. In ka tarar "da" ko "kuma" ce a can sama, an yi sakaci.

Karo na uku a manta da mai waƙa, a nemi abin da ke ƙasa, wato bes da ganga. Yawancin waƙoƙin da ake rerawa a kan kama huɗu suke tafiya, wato haɗin sautukan da ake kaɗawa tare: ta do, ta fa, ta so, da ta la. A ki na C, su ne C da F da G da A ƙarama. Idan layi ya ƙare a kan so, kunne zai ji magana ba ta ƙare ba. Daga so zuwa do, an rufe zance. Daga fa zuwa do kuwa, shi ne sautin "Amin" da ake ji a ƙarshen tsofaffin waƙoƙi. Wanda ya iya gane waɗannan uku ya riga ya fara jin yadda waƙa ke numfashi.

Karo na huɗu sai a haɗa: kiɗan yana faɗin abin da kalmomin ke faɗa? Waƙar tuba a kan kiɗan rawa, ko waƙar tashin Almasihu ana jan ta kamar ana rakiyar gawa, duka biyun saɓani ne.

Hannatu: Na gode Malam. To me ya sa wasu waƙoƙin da aka juyo daga wasu harsuna suke da nauyi a baki, ko da ma'anarsu na da kyau?

Saratu: Saboda an ƙirga gaɓoɓi ba a auna su ba. Tsofaffin waƙoƙin Ingila da yawan gaɓa ake tsara su, misali 8.6.8.6 ko 8.8.8.8, wato adadin gaɓoɓin kowane layi, shi ya sa kari ɗaya kan ɗauki waƙoƙi da dama. Mai fassara sai ya cika takwas da shida ya ga ya gama. Hausa kuwa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A "Ubangiji", "ban" da "ji" su ke ɗaukar ja, in dogon sauti ya faɗa a kan "gi" sai kalmar ta karkace. Ga kuma hawa da saukar murya: kuka na hawaye a sama yake duka, kuka ta itace tana faɗuwa a ƙarshe, to in kari ya sauka a inda kalma ke son tsayawa sama, kunne zai yi tuntuɓe. Mai tsara waƙa ya fara faɗin layin da baki sau da yawa kamar yana magana, ya ji inda murya ke hawa da kanta, sannan ya gina kari a kai.

Dauda: Wani abu da ba a taɓo ba shi ne gudu. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. A ɗakin da ya kai mita 34, na baya yana jin bugun ne bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, muryarsa kuma ta ɗauki wani lokacin kafin ta dawo gaba. In mai ganga ya biye wa abin da yake ji daga baya, zai yi ta jinkiri har waƙar ta kwanta. Ya riƙe bugunsa, ya kalli hannun jagora. Waƙar natsuwa takan zauna tsakanin bugu 60 zuwa 76 a minti, ta murna 100 zuwa 120. Ɗaki mai amsa-kuwwa yana son a rage gudu kaɗan, in ba haka ba kalmomi su hau kan juna. Hanyar gane gudun da ya dace: jagora ya rera layin da ya fi tsawo da numfashi ɗaya ba tare da wahala ba. In numfashi ya ƙare a tsakiya, an ja da yawa. In baki na harɗewa, an yi sauri. Tun a 1761 Jon Wesli, mai wa'azin Ingila, ya rubuta wa mabiyansa ƙa'idojin waƙa, cikinsu har da cewa kowa ya rera, kada wani ya ɗaga murya ya danne saura, kuma kada a riga ko a makara.

Luka: Duk wannan na cikin majami'a ne. Ni damuwata sauran kwana shida. A ganina mai bi ya nisanci duk waƙar da ba ta ambaci Allah ba, shi ne kwanciyar hankali.

Fasto Yohanna: Ɗan'uwa Luka, niyyarka mai kyau ce, amma wannan ma'aunin zai fitar da wasu sassa na Littafi Mai Tsarki kansa. Waƙar Waƙoƙi ta ƙauna ce tsakanin mace da namiji. A 2 Sama'ila 1 Dawuda ya yi waƙar makoki domin Saul da abokinsa Yonatan. Farawa 4:21 ta ambaci Yubal a matsayin uban makaɗa da masu busa, cikin jerin masu sana'a, tare da makiyaya da maƙera. Waƙar aiki, ta reno, ta ƙaunar aure, ta kukan zalunci, duka suna da gurbi. A gefe guda kuma, akwai waƙar da ke kiran sunan Yesu a kowane layi alhali abin da take koyarwa shi ne son dukiya ko fatan maƙiyi ya mutu. Ma'aunin Filibiyawa 4:8 ya fi kaifi: gaskiya ce, mai tsabta ce, abin yabo ce? A yi mata gwajin Malam Ishaya na farko, a rubuta kalmomin a karanta. In ba za ka iya karanta su a gaban 'ya'yanka ba, daɗin kiɗan ba zai tsarkake su ba.

Luka: Na karɓi wannan, Fasto, amma ina nan a kan cewa wanda ya san wata irin waƙa na ja shi baya, ya bar ta ko da halal ce ga wani.

Fasto Yohanna: A nan ba mu da saɓani, Romawa 14 ke nan.

Rifkatu: Tunda an shigo sauran kwana shida, a kula da abin sawa a kunne. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma a huta bayan minti 60. In ka cire ka ji kunne na ƙara ko maganar mutane ta dusashe, ka wuce gona da iri. Ƙwayoyin gashin cikin kunne da suka mutu ba sa sake tsirowa.

Saratu: Abin da ya fi damuna a zaman yau da kullum shi ne mun zama masu jin waƙa, ba masu yin ta ba, kuma abin da muke ji ɗin kusan duka na murna ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na surori 150 da ke littafin Zabura kuka ne da roƙo. Zabura 88 ba ta ma ƙare da ta'aziyya ba, a duhu ta tsaya. Wanda bai haddace ko waƙar baƙin ciki ɗaya ba, ranar da rashi ya zo ba shi da abin faɗa wa Allah sai shiru, ko kuma ya yi ta rera nasara alhali zuciyarsa na wani wuri. Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi bayan an yi musu bulala, Ayyukan Manzanni 16:25, ba littafi a hannu, ba makaɗi. Abin da ke ka suka rera. Yesu da almajiransa ma sun yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, Matiyu 26:30. Masu jinyar tsofaffin da mantuwa ta kama sun san cewa mutum kan manta sunan ɗansa amma ya bi baitin da ya koya yana yaro, leɓɓansa na motsi daidai da kowace kalma. Saboda haka iyali su riƙe waƙa ɗaya wata guda, baiti ɗaya a mako, da murya kawai, minti biyar kafin barci. A cikin goma sha biyun da za a samu a shekara, a sa ta tuba, ta makoki, ta godiya, ta safiya da ta dare.

Bitrus: Malam Ishaya, idan ana rerawa ba kiɗa, sau da yawa akan fara a G a ƙare kusa da F mai ƙari. Me ke jawo wannan faɗuwar?

Malam Ishaya: Abu uku ne. Na ɗaya numfashi: idan iska ta kusa ƙarewa a ƙarshen layi, sauti yana zamewa ƙasa, sai layi na gaba ya tashi daga inda aka zame. A sa alama a inda kowa zai shaƙa, a shaƙa har ciki ya buɗe, kafaɗa ba ta ɗagawa. Na biyu mi da ti, su biyun aka fi rerawa ƙasa da wurinsu, a riƙa tsayawa a kansu a wajen koyo ana gwada su da kibod. Na uku, mutane kan yi gajeren taku in ana hawa, dogon taku in ana sauka, to a koya musu akasin haka. Gajiya da zama a lanƙwashe suna ƙara abin. A fara koyo da minti goma na ɗumama murya, baki a rufe ana gunji a hankali daga tsakiya zuwa sama, a sha ruwa. Wanda muryarsa ta dishe fiye da mako uku ya ga likita, kada ya ci gaba da matsa mata.

Hannatu: Ta ƙarshe daga gare ni: sabuwar waƙa, yaya za a shigar da ita har jama'a su kama?

Malam Ishaya: Ɗaya a wata ta isa. Lahadin farko ƙungiyar mawaƙa ta rera jama'a na zaune da kalmomin a gabansu. Na biyu jagora ya koyar da amshi layi-layi, ya rera su maimaita, da kibod kaɗai yana bin karin, ba ganga, ba muryoyi huɗu, ba ado. Na uku a rera ta duka. A tsallake mako ɗaya, a dawo da ita a na biyar. A wannan ranar makaɗa su tsaya cik a baiti na biyu su bar jama'a su kaɗai. In waƙar ta ci gaba da ƙarfinta, ta zauna. In ta mutu, a sake duba ki da nauyin gaɓoɓi, in an gyara duka biyun ba ta tashi ba, a mayar da ita cikin waɗanda ƙungiyar mawaƙa ke rerawa a saurara.